Yadda ake zirga-zirga tsakanin tashar jirgin ruwa ta Civitavecchia da birnin Rum da filin jirgin Fiumicino

Jama'a assalamu alaikum. Duk lokacin da wani ɗan uwa ko abokin kasuwanci ya biya kuɗin tafiyar nan ta jirgin ruwan shaƙatawa na Bahar Rum, sai ya kira ni yana murna yace ai jirginsu daga Rum zai tashi, ni kuma abu na farko da nake faɗa masa shine Rum ba a bakin teku take ba. A takarda ne kawai suke rubuta Rum, amma inda jirgin yake tsaye wani gari ne daban mai suna Civitavecchia, ana furta shi kamar Cibitabekkiya, kuma tsakaninsa da tsakiyar Rum akwai kusan kilomita 80. Daga Fiumicino, babban filin jirgin saman Rum, ma sai ka yi sama da kilomita 60 kafin ka isa. Na yi hanyar nan ba adadi, wani lokaci ni kaɗai wani lokaci da iyali da dattawa da akwatuna, shi yasa nace bari in zauna in rubuta komai dalla-dalla, domin wallahi abin yana damuna in ga mutum ya tara kuɗinsa ya sha wahalar biza sannan tafiyar awa ɗaya da rabi ta ɓata masa komai.

Abu ɗaya ka riƙe tun daga nan: jirgin ruwa baya jiran kowa. Ba motar tasha bace da za ka ɗaga hannu a tsaya maka. In lokacin rufe ƙofa yayi sun janye tsani, shikenan. Duk abinda zan faɗa a ƙasa lissafin lokaci ne.

Kayan da za ka tanada

Fasfo da biza. Italiya tana cikin ƙasashen Shengen, to biza ta Shengen ce kake buƙata. Amma ka duba jerin tashoshin da jirginku zai tsaya, in akwai ƙasar da bata cikin Shengen kamar Tunisiya ko Turkiyya, to ka nemi biza mai shiga da yawa, saboda da zarar jirgi ya tsaya can ana iya lissafa cewa ka fita, dawowarka kuma sabuwar shiga ce. Mutanenmu da yawa basu san wannan ba sai a wajen shiga jirgi, kuma a can babu mai iya gyara maka.

Takardar shiga jirgin ruwa, ka buga ta a takarda ko da tana cikin waya. Haka alamun da ake liƙa wa akwati masu ɗauke da lambar ɗakinka, kamfanin jirgin ne ke turo su, ka buga ka ajiye a jakar hannu. Kada ka liƙa su tun daga gida, sai ka ɗauko kayanka daga jirgin sama tukuna.

Kuɗi a hannu, Yuro ƙanana. Ina nufin takardun 5 da 10 da 20 da kuma sulalla. Katin banki yana aiki kusan ko'ina amma katunan gida sukan ƙi a lokacin da kake tsananin buƙata, kuma direban bas ba zai maka canjin Yuro 100 ba.

Waya mai data da ke aiki a Turai, da caja, da fawa bank. Ka sauke manhajar Trenitalia tun kana gida, ita ce ta jiragen ƙasa na Italiya, a ciki za ka ga lokutan tashi da layin da jirgi zai tsaya da ko ya makara.

Akwati mai taya mai kyau, kuma wanda kai da kanka za ka iya ɗagawa. Akwai matakala a hanya. In kaya sun fi ƙarfin hannayen da ke tafiyar, to ka manta da jirgin ƙasa ka tsallaka kai tsaye zuwa maganar mota.

Ƙaramar jakar hannu mai ɗauke da magunguna, kayan canji guda, sallaya da takardu. Babban akwati in ka miƙa shi a tashar ruwa sai yamma ko dare zai iso ƙofar ɗakinka.

Sai kalmomi kaɗan na Italiyanci da za ka riƙa gani a allo: Partenze shine masu tashi, Arrivi masu isowa, Binario layin da jirgi ke tsayawa, Uscita mafita, Ritardo makara, Sciopero kuma yajin aiki. Waɗannan shida sun isheka.

Mataki na 1: Ka iso kwana ɗaya kafin ranar tashi

Wannan shawarar ita ce mafi tsada kuma ita ce mafi amfani. Daga Kano ko Abuja ko Yamai yawanci sai ka ratsa ta wani gari, Alkahira ko Adis Ababa ko Istanbul ko Doha, kuma duk tafiyar da ake canza jirgi tana iya zuwa da makara ko akwati ya tsaya a baya. In ka iso ranar da jirgin ruwa zai tashi kuma akwatinka bai iso ba, babu lokacin jiransa. Ga layin duba fasfo, wanda tun watan Oktoba na 2025 da suka fara ɗaukar hoton yatsu da na fuska na baƙi ya ƙara cin lokaci. Kwana ɗaya a otal ya fi asarar tafiyar gaba ɗaya sauƙi nesa ba kusa ba.

Ina za ka kwana? In kana son ganin gari ka kwana a Rum, kusa da Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Rum, ko tashar Trastevere ko San Pietro domin yawancin jiragen ƙasa na Civitavecchia suna bi ta nan. In kuma da dattawa ne ko yara, ni na fi son a wuce Civitavecchia a kwana can, gari ne ƙarami mai natsuwa a bakin teku, da safe ka leƙa ka hango jirginku tsaye hankalinka kwance.

Mataki na 2: Zaɓi hanya daga Fiumicino

Babu jirgin ƙasa da ke zuwa kai tsaye daga filin jirgi zuwa Civitavecchia. Duk wanda yace maka akwai bai yi hanyar ba. Zaɓi huɗu ne.

Tasi. Tafiyar kamar minti 50 zuwa awa ɗaya ce ta babbar hanyar A12. Tasin hukumar birnin Rum farare ne, da alama a sama da tambarin Comune di Roma a ƙofa, kuma suna da tsayayyen farashi zuwa tashar ruwan, zuwana na baya-bayan nan wajen Yuro 130 ne. Kuɗin mota ne gaba ɗaya ba na mutum ɗaya ba, saboda haka in kun kai huɗu ba wani tsada yayi ba. Ka fita waje ka bi layin tasi, kafin a saka kaya a but ka tambayi direba farashin ka ji da bakinsa. Duk wanda ya tare ka cikin zauren isowa yana ce maka tasi tasi, kada ka bi shi. Na taɓa karɓar wasu baƙi da suka bi irin wannan, an caje su kusan ninki biyu kuma aka sauke su a ƙofar da ba ita ba.

Motar haya da ka yi odarta tun kafin ka taso. Direba zai tsaya da sunanka a kwali. Ga iyali mai mutum biyar ko shida da kaya wannan ce ta fi, domin za ka nemi babbar mota tun farko. Abinda za ka tabbatar kawai shine suna da izinin shiga cikin tashar har gindin jirgi, ka tambaya a rubuce.

Bas. Kamfanin jirgin ruwan da kansa yana sayar da kujera a bas ɗinsa, ya fi tsada akan kowane mutum amma babu ruwanka da neman hanya. Akwai kuma wasu bas-bas da motocin haɗaka masu zuwa kai tsaye, sai dai basu da yawa a rana, dole ka duba ko lokacinsu ya dace da saukarka.

Jirgin ƙasa, wanda shine mafi arha kuma shi zan tsaya in yi bayani sosai.

Mataki na 3: Jirgin ƙasa daga filin jirgi

In ka ɗauki kayanka ka bi alamar jirgin ƙasa, tashar tana manne da filin jirgin, ta gadar sama ake bi. A nan jirage iri biyu ne kuma a nan ake yawan kuskure.

Na farko Leonardo Express, baya tsayawa ko'ina sai Roma Termini, minti 32, Yuro 14. Yana da kyau in Termini za ka kwana. Amma in Civitavecchia ka nufa kai tsaye, shiga shi ɓata kuɗi ne da lokaci, domin zai kai ka can cikin gari sannan ka sake dawowa baya.

Na biyu jirgin yanki, wato mai tsayawa tasha-tasha, mai lamba FL1, Yuro 8. Shi za ka hau ka sauka a Roma Trastevere, tafiyar bata kai rabin awa ba. Lura, FL1 baya zuwa Termini kwata-kwata, kada ka zauna kana jiran ganin sunan. A Trastevere ka sauka ka duba allon Partenze ka nemi jirgin layin FL5 mai zuwa Civitavecchia. Daga nan kamar awa ɗaya ce, wani jirgin bai kai ba. Kuɗinsa bai kai Yuro 5 ba duk zuwan da nayi. Kana iya sayen tikitin duka tafiyar lokaci guda a inji ko a manhaja, ka rubuta daga Fiumicino Aeroporto zuwa Civitavecchia shi zai haɗa maka.

Abin lura a allo: sunan da ke fitowa shine tashar ƙarshe ta jirgin. Wani jirgin an rubuta Pisa ko Grosseto amma yana tsayawa a Civitavecchia, har ma sukan fi sauri. Don haka ka riƙe lambar jirgin da ke jikin tikitinka ka neme ta a allo, kada ka dogara da suna kaɗai.

Sai maganar buga tikiti, dan Allah a kula da wannan. In tikitin takarda ne na jirgin yanki, dole kafin ka hau ka zura shi cikin ƙaramin injin da ke manne a bango ko a bakin layi ya buga masa kwanan wata da lokaci. Tikitin da ba a buga ba a wajen mai duba tikiti daidai yake da babu, tara ce, kuma cewa kai baƙo ne baya hana ta. In injin ya ƙi aiki gwada wani, in duk sun ƙi to da ka hau ka nemi mai duba tikitin da kanka ka nuna masa kafin shi ya same ka. Tikitin da ka saya a waya baya buƙatar inji, yana ɗaure da jirgin da ka zaɓa, in za ka canza lokaci ka canza a manhajar kafin jirgin ya tashi.

Jirgin yanki bashi da kujerar da aka ware maka kuma wajen ajiye kaya kaɗan ne. Ka zauna inda idonka ke kan akwati. Gaba ɗaya daga fitowa filin jirgi zuwa tashar Civitavecchia ka ware awa biyu.

Mataki na 4: In daga cikin Rum za ka taso

FL5 ɗin dai ne. Yana tashi daga Termini ya bi Tuscolana, Ostiense, Trastevere, San Pietro, Aurelia, sannan ya fita gari ya bi Ladispoli da Santa Severa da Santa Marinella, mai bi mata ita ce Civitavecchia. In ka ga Santa Marinella ka fara matso da kaya bakin ƙofa. Kusan jirgi biyu ake samu a awa, daga Termini tafiyar awa ɗaya ce zuwa awa ɗaya da minti ashirin.

Matsalar Termini ita ce jiragen nan yawanci daga layi na 25 zuwa 29 suke tashi, kuma waɗannan layukan basa jere da sauran, suna can ƙurya, sai ka yi tafiyar minti goma da kaya. Mutum zai tsaya a babban zaure yana ganin saura minti biyar yana cewa akwai lokaci, kafin ya isa jirgi ya tafi. Ka shiga tashar da ratar minti 25 a ƙalla. Kuma Termini wuri ne na 'yan sane, jaka a gaba, fasfo a jiki, wanda ya matso zai taya ka sayen tikiti a inji ka ce masa a'a ka gode.

Akwai jiragen ƙasa na dogon zango, Intercity da Frecciabianca, masu tsayawa a Civitavecchia, sun fi sauri, akwai kujera da lamba da wajen kaya, kuɗinsu ya fi yawa kuma tikitin na wannan jirgin ne kaɗai. Da dattijo ko mai juna biyu na fi son waɗannan, don a jirgin yanki da safe ana iya tsayuwa har rabin hanya.

Mataki na 5: Daga tashar jirgin ƙasa zuwa gindin jirgin ruwa

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne kusan kowa baya sakawa a lissafi. Saukarka a Civitavecchia ba isowa bace. Tashar ruwan babba ce ƙwarai, tsohuwa ce tun zamanin sarki Trajan na Rumawa a farkon ƙarni na biyu, yanzu kuma ga jiragen shaƙatawa ga na fito masu zuwa Sardiniya ga na kaya duk a wuri ɗaya. Za ka hango jirginku kamar kusa, amma gadar da yake tsaye tana iya kai kilomita biyu ko fiye a cikin teku.

Sunan da za ka haddace shine Largo della Pace. Fili ne da bas-bas na kyauta na tashar ke ɗaukar fasinja zuwa kowane jirgi. Daga tashar jirgin ƙasa zuwa can hanya uku ce. Ko ka taka, kamar minti 20 zuwa 25, ka fito ka yi dama ka bi bakin teku, za ka wuce wata tsohuwar ganuwa da ake kira Forte Michelangelo ta ƙarni na 16 sannan ka ci gaba. In kayanka kaɗan ne kuma ba zafi tafiya ce mai daɗi, amma a watan Yuli ko Agusta da akwati biyu ban baka shawara ba. Ko ka hau bas ɗin gari da ke tsayawa gaban tasha, wajen Yuro 2, ana sayen tikiti a shagon cikin tasha. Ko kuma bas ɗin da ake kira PortLink wanda ke kai mutum har gindin jirgi ba tare da canji a Largo della Pace ba, wajen Yuro 6 ne lokacin da na hau. Wannan na ƙarshen ya cancanci kuɗinsa, domin sau ɗaya za ka loda kaya ka sauke.

A Largo della Pace kowane bas da sunan jirgi a gabansa. Ka karanta sunan jirgin ba sunan kamfani ba, saboda kamfani ɗaya yana iya samun jirage biyu a tashar rana guda. A lokacin bazara wata rana jirage biyar ko fiye ke tsaye, layin bas yana tsawo, ka ware minti 45 daga tashar jirgin ƙasa zuwa gindin jirgi. Tasi a gaban tashar suna nan amma kaɗan ne kuma da yawansu sun fi son doguwar tafiya, kada ka ɗora lissafinka a kansu.

Da ka isa, masu ɗaukar kaya za su karɓi manyan akwatuna masu alama, kai kuma ka shiga zaure da fasfo da takardar jirgi a baka katin ɗaki. Ana rufe karɓar fasinja tun kafin lokacin tashi, yawanci da awa ɗaya da rabi ko biyu, ainihin lokacin yana cikin takardarka. Ni ƙa'idata ita ce in kasance a gindin jirgi kafin ƙarfe ɗaya na rana ko da sai shida ko bakwai zai tashi.

Mataki na 6: In jirgi tsayawar yini ɗaya kawai yayi kana son shiga Rum

Wannan ga wanda ya hau jirgi a wani gari kamar Basalona, Civitavecchia kuma zango ce. Ana iya yi da kanka lafiya lau in ka kiyaye lissafi. Ka fita da sassafe cikin na farko, bas zuwa Largo della Pace, sannan tasha. Ka nemi tikitin yini da ake kira BIRG mai shiyya biyar, wajen Yuro 12 na saye shi, ya haɗa zuwa da dawowa a jirgin yanki da kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas na cikin Rum har tsakar dare. Ana buga shi sau ɗaya a inji, kuma ka rubuta sunanka a jiki. Baya aiki a Intercity ko Frecciabianca. A lokacin bazara akan saka wani jirgi na musamman, Civitavecchia Express, mai tsayawa San Pietro da Ostiense kawai.

Kada ka tafi har Termini in ba dole. In fadar Batikan kake son gani sauka a San Pietro, tafiyar minti goma zuwa sha biyar ce a ƙafa. In tsohon filin wasan nan ne na Colosseo, sauka a Ostiense ka bi ta ƙasa zuwa tashar Piramide ta layin B na jirgin ƙarƙashin ƙasa, tsayawa biyu ka isa. Tikitin shiga waɗannan wurare ka saya a intanet tun da wuri, in ba haka ba a layi yininka zai ƙare. Wurare biyu ko uku sun isa yini guda, kada ka ce sai ka zagaye Rum.

Wanda ranarsa ta faɗo Juma'a, babban masallacin Rum yana arewacin gari, an buɗe shi 1995 kuma yana cikin mafi girma a Turai, ana hawa ƙaramin jirgin ƙasa daga tashar Flaminio a sauka a Campi Sportivi. Yana da ɗan nisa daga hanyar komawa, saboda haka da an sallame ka kama hanya. Abincin halal kuma unguwar Termini da Piazza Vittorio cike take da shi. Ruwan famfunan kan titi ana sha kyauta, ka riƙe gora.

Lissafin dawowa kuwa daga baya ake yinsa. Lokacin da ake so kowa ya kasance cikin jirgi yawanci rabin awa ne kafin tashi, ana rubuta shi a bakin tsani, ka ɗauki hotonsa da waya. A ce 6:30 ne. Cire minti 45 na tasha zuwa jirgi, cire awa ɗaya da kwata ta jirgin ƙasa, ya zama 4:30. To wannan shine jirgin ƙarshe da zai iya kai ka, ba shi za ka hau ba. Ka hau wanda ke gabansa da jirgi biyu, wato wajen 3:30, yadda in an soke ɗaya ko ya makara akwai wani a baya. Kuma in za ka iya ka hau daga Termini ko Ostiense, don kafin jirgin yamma ya iso San Pietro ya cika maƙil.

Ka fita da takardar shirin yini da ake sakawa a ɗaki, tana ɗauke da lambar wakilin jirgin a tashar. In ka ga makara ta tabbata shi za ka kira tun kana hanya, kuma ka nemi tasi nan take komai tsadarsa, ya fi kuɗin bin jirgi zuwa wata ƙasa. Lambar gaggawa a Italiya 112 ce.

Mataki na 7: Ranar sauka zuwa filin jirgi

Daren ƙarshe za a baka alamun kaya masu launi, kowane launi da lokacin fitarsa. Ka ajiye manyan akwatuna a ƙofar ɗaki kafin lokacin da suka faɗa, da safe ka same su a zauren tasha. Kada ka kuskura ka saka fasfo ko magani ko kayan da za ka sa gobe a ciki, wannan yana faruwa fiye da yadda kake zato. In jirgin samanka na wuri ne ka je wajen masu karɓar baƙi ka nemi launin farko, ko ka ce za ka fita da kayanka da kanka, masu yin haka su ake fara bari.

Jirgi kan iso da asuba amma fita bata farawa sai hukuma ta bada izini, wajen bakwai da rabi ko takwas. Tafiyar gida tana son ka isa filin jirgi awa uku kafin tashi. In mota ce ke jiranka a gindin jirgi, kada ka sayi tikitin jirgin sama da zai tashi kafin sha biyu na rana. In jirgin ƙasa za ka bi, kada lokacin tashin jirgin samanka ya gaza ƙarfe biyu. Hanyar ita ce ta ɗazu a juye: bas zuwa tasha, FL5 zuwa Trastevere, FL1 zuwa Fiumicino Aeroporto. Motar haya ta ranar sauka a yi odarta tun kafin a hau jirgin ruwa, domin da safen nan dubban mutane ke fitowa lokaci guda kuma tasin ba sa isa.

A duba tikiti da kyau kuma, Rum filin jirgi biyu gareta. Ciampino yana kudu maso gabashin gari, can kamfanoni masu arha irin Ryanair ke yawan tashi, ya fi nisa daga tashar ruwa. In can ne, sai ka je Termini ka hau bas ɗin Ciampino, ka ƙara awa ɗaya a lissafi. In kuma jirginka sai dare, akwai wajen ajiyar kaya na kuɗi a Termini, ka ajiye ka zaga gari ka dawo ka hau Leonardo Express.

In an shiga yajin aiki

Yajin aikin sufuri a Italiya abu ne da aka saba, sau da yawa ranar Juma'a, amma ana sanar da shi kwanaki kafin ranar. Mako ɗaya kafin tafiyarka ka rubuta sciopero treni da kwanan watan a intanet ka gani. A ranakun aiki akwai lokutan da doka ta sa jiragen yanki su yi aiki ko ana yajin, daga 6 zuwa 9 na safe da kuma 6 zuwa 9 na yamma. Mai shiga jirgin ruwa zai iya kama na safe ya isa da wuri ya jira. Mai zagayen yini ɗaya kuwa na yamman ya yi masa latti, a irin wannan rana ko ya sayi yawon da kamfanin jirgin ke shiryawa, wanda in bas ɗinsu ya makara ana jiransa, ko ya yi zamansa a Civitavecchia, akwai kasuwa da safe da bakin teku da wuraren cin kifi. Ranar sauka kuma in ta faɗo cikin yajin, mota kawai, kuma ka kama ta tun ranar da ka ji sanarwar kafin su ƙare.